Na Shayar da Baƙi Ruwan da Ni Ba Na Iya Haɗiyewa

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Ya zafi, ya haƙuri da rani? Don Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙo tun yanzu, kada a cika ni da zagi ko dogon wa'azi. Na san ayoyin, na san abin da malamai za su ce, kuma na zagi kaina fiye da yadda wani zai iya zagina. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Alhamis nake son ta.

Ni mace ce, shekarata ashirin da huɗu, a Dakoro nake. Na yi lakwal, makarantar boko ke nan, har na samu takardar brebe ta gama sakandare, yanzu ina aiki a wani ɗan shago kusa da kasuwa inda ake buga wa mutane takardu. Kakata ce ta rene ni, kuma Allah ya karɓi abinsa bara bayan girbi. Yayana yana can arewa wurin neman abinci, sai dai waya. Bayan sadakar arba'in ɗin Kaka, Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina da ke aure a garin Mai Yara, ta ce in tattara kayana in bi ta, wai budurwa ba ta zaman gida ita kaɗai. Na ce ba inda za ni, aikina yana nan. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke? Gidan ga ya fi ƙarfinki. Ko wata uku ba ki yi sai kin zo kina kuka." Wallahi wannan maganar ce ta zauna mini a ƙirji. Na ce a raina, ko ƙasa zan ci sai na nuna mata.

Kuma na iya. Ban faɗa don yabon kai ba, amma duk unguwarmu babu macen da ta kai ni tattali. Ƙwan wuta ɗaya na bari a gidan, sauran duk na kwance. Waya a shago nake cika ta. Girki sau ɗaya nake yi a yini. Wake tun safe nake jiƙa shi don kada ya cinye mini itace, shinkafa kuwa da ta tafasa nake sauke ta in naɗe tukunyar da tsohon bargon Kaka, in tura cikin kwando, ta ƙarasa dahuwa da kanta. Garwashi ba na bari ya zama toka, yashi nake zuba masa ya mutu, gobe ya zama gawayi. Kashegarin kasuwa ina bi ta wurin da ake tsayar da shanu in tsinto busasshen kashinsu in haɗa da kara, ba kunya ba tsoro. Ruwa kuwa, nan ne na fi ƙwarewa. Na raba shi hawa uku. Ruwan fari na sha ne da girki da alwala. Ruwan biyu shi ne wanda ya riga ya yi aiki sau ɗaya: na wankin shinkafa, na ɗaurayar kwano, na alwala da nake tarewa a roba, na wanka da nake tsayawa cikin baho in yi. Shi nake wanki da shi. Ruwan uku shi ne abin da ya rage, na yayyafa tsakar gida da bayi. Ɗigo ɗaya ba ya taɓa ƙasa a gidana sai ya yi aiki sau uku. Bido ɗaya, wato jarka guda, yana kai ni kwana uku. Wa zai iya wannan?

To amma akwai randa.

A ƙofar gidanmu, ƙarƙashin bishiyar aduwa, akwai wata babbar randa a kan gindin laka, da murfinta da moɗa ɗaure da igiya. Ta masu wucewa ce. Wanda duk ƙishi ya kama, ɗan gari ko baƙo, sai ya buɗe ya sha ya wuce, ba sallama ba godiya. Asalinta tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan ne, in aka bi ƙirgar lakwal cikin ƙarni na goma sha tara ke nan. Kakar kakata, wadda a gidanmu ba a kiran sunanta sai dai a ce Mai Randa, ta taso daga kudu da mutanenta suna gudun yaƙi. Ta ɓace wa ayari a dajin nan da goyo a bayanta, ta yi kwana biyu harshenta bai taɓa ruwa ba. Wata Bafulatana mai kiwo ta tsince ta kwance a gindin kalgo. Gora ɗaya gare ta. Ta cire marfi, ta fara kurɓa da kanta don baƙuwar ta ga ruwan lafiyayye ne, sannan ta miƙa mata sauran duka. Daga nan Mai Randa ta yi alkawari: muddin jininta yana da ƙofa, randa za ta tsaya a ƙofar, kuma wanda ya cika ta da safe shi zai fara shan moɗa ɗaya a tsaye a wurin, ya ce, "Abin da na sha shi na bayar." Duk inda zuriyarmu ta yi ƙaura da wannan alkawarin take tafiya, har muka zauna Dakoro. Randuna sun fashe an sake wasu ba adadi, amma akwai wani baƙin tsingaro na randar farko da ake ajewa a ƙasan kowace sabuwa. Na tashi ina ganin Kaka kowace safiya, ko tana zazzaɓi, tana jan ƙafa ta je ta sha moɗarta.

Ni ma na ci gaba da yi har sanyi ya wuce. Sai rani ya shigo da ƙarfinsa. Famfon unguwa ya fara yini uku bai ce tak ba. Mai kawo mini ruwa shi ne Baba Ila ga-ruwa, dattijo ne da ya haura sittin, tun ina rarrafe yake tura kurar ruwa zuwa gidanmu. Sai ya yi rabin yini a layin babban famfon bayan gari kafin ya samu. Ni ina nan ina auna ruwan sha da kofi, randa kuwa ranar kasuwa sai ta shanye bido biyu kafin la'asar. Ina zaune a zaure ina kallon ƙato ya ɗebi moɗa cike, ya kurkure baki ya tofar, ya ɗebi wata ya zuba a ƙeya, ya ɗebi ta uku ya wanke ƙafa. Ruwan da zai kai ni yini! Ku gaya mini, wane ne zai ga wannan ransa bai ɓaci ba?

Wata safiya na bar ta ba ruwa. Kafin hantsi wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki: "Allahu akbar. Ashe yau Mai Randa ta mutu." Na san kafin magariba maganar za ta kai Mai Yara. Na hango fuskar Gwaggo. Na tashi na juye ruwan shana duka a ciki.

A ranar shaiɗan ya ba ni dabara, ko in ce ni na ba kaina, don bai kamata in ɗora wa shaiɗan komai ba. Na tuna wani mushe, malaminmu na lakwal, ya taɓa nuna mana a aji yadda ƙwayar zogale, in aka daka ta aka zuba a gurɓataccen ruwa, take kwantar da datti. Na gwada da ruwan biyu. Na bar shi ya kwana, na tace da mayafi sau biyu. Ya fito garau, kamar yanzu aka ɗebo shi. Na jefa saiwar jema, wadda Kaka ke sa wa ruwa don ƙanshi. Laka ta sanyaya shi. Na ce a raina, ai na shinkafa ne kawai, shinkafa ba abinci ba ce? Da farko na shinkafa ne kawai, wallahi. Bayan mako guda na ƙara na ɗaurayar kwano. Sannan na alwala. Da zafi ya kai inda ya kai, na ƙara na baho. Eh, na wanka. Na rubuta, ku karanta.

Kowace safiya ina fita in tsaya gaban randa, in ɗebi moɗa, in kai bakina, in motsa maƙogwaro kamar mai haɗiya, in ce, "Abin da na sha shi na bayar." Leɓena a rufe gam. Tsohuwar nan tana wucewa tana sa mini albarka.

Cikin masu tsayawa akwai Hajjo, wata Bafulatana mai tallar nono daga wajen Azagor, sa'ata ce ko ta girme ni kaɗan. Duk ranar kasuwa sai ta sauke ƙwaryarta a gindin aduwa. Mun saba har muna tsokanar juna.

"Ƴar lakwal, har yau ba miji? Takardun sun hana?"

"Ina jiran ki kawo mini yayanki da shanu hamsin."

"Shanu hamsin a kan mai dafa shinkafa da bargo? Ko akuya gurguwa ba mu badawa."

Sai ta zuba mini ludayin nono kyauta, ta ce kada in gaya wa kowa Bafulatana ta yi kyauta, za a kore ta daga ruga. Tana da goyo, ƴar mace mai wata takwas, mai manyan idanu da ɗan wuri ɗaure a wuya. Ranar nan, makonni uku da suka wuce, ta sauko da yarinyar daga baya, jikinta duk ya yi zafi saboda rana. Ta buɗe randa ta sha, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, ruwanku ya hi na kowa sanyi garin ga. Ga ƙanshi." Sannan ta tallafe kan yarinyar ta kai mata moɗa baki. Ina tsaye, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na buɗe baki. Me zan ce? In ce dakata, ruwan wankana ne? Na rufe bakina. Yarinyar ta sha, har tana kama moɗar da hannu bibbiyu. Hajjo ta cika gorarta ta hanya, ta ɗaure goyo, ta ce sai wata kasuwar.

Wata kasuwar ba ta zo ba. Sai a kasuwar da ta biyo bayanta ta zo, ba ƙwarya a kai, ba goyo a baya. Zanen goyon yana ɗaure a ƙugunta haka nan. Ta wuce ta gaban gidanmu ba ta kalli randa ba, ni kuma na laɓe bayan ƙyaure kamar ɓarauniya, ban iya tambayarta ba. Daga baya na ji cewa yarinyar tana kwance a asibiti, zawo da amai, ana ƙara mata ruwa ta jijiya. Hajjo ma ta yi nata ta tashi. An ce akwai wasu mutum biyu da suka sha a ranar su ma suka kwanta. Likita ya tambayi inda suka sha ruwa, mijin Hajjo ya bi sawu har ƙofarmu, ya kai magana wurin mai unguwa.

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Rani ne, yara suna zawo ko'ina. Wataƙila nono ne ya lalace. Wataƙila a wani wurin suka sha. Amma in haka ne, me ya sa ni ban taɓa haɗiyewa ba?

Mai unguwa ya zo da kansa, da mutum biyu, da hantsi. Ya gaishe ni da mutunci, ya yi wa Kaka addu'a, ya ce, "Ɗiyata, ba zarginki muke ba, kowa ya san gidan ga. Ruwan wa kike zubawa a randa?"

Ban yi ko tunani ba. Na ce, "Baba Ila ne ke kawo mini ruwa, kowa ya sani."

Shi ke nan. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, mutanen gari suka ƙarasa mini. Kafin azahar an ce Baba Ila ya gaji da layi yana zagayawa tabkin da dabbobi ke sha yana cika bidunansa. Wata ta ce ta taɓa ganin gansakuka a ruwansa. Wata ta ce dama ta lura cikin ɗanta yana ƙugi. Matan da ya yi shekara talatin yana shiga gidajensu suka rufe masa ƙofa. An ɗaure kurarsa da sarƙa a zauren mai unguwa, an ce ranar Alhamis a taru a yi maganar gaban kowa.

A ranar na kwashe ruwan randa duka na zubar, karo na farko da na zubar da ruwa a banza. Na sa hannu na lalubo tsingaron Mai Randa. Ya yi yauƙi, wani irin santsi kamar majina, na goge shi da toka sau uku bai daina ba. Da nake wanke cikin randar na ga wata siririyar tsaga ta taso daga baki ta gangara, kamar zaren gashi. Ni ƴar lakwal ce, na san laka tana tsagewa in zafi ya yi yawa. Na sani. Amma kowace safiya sai in auna ta da yatsa, kuma kowace safiya ta ƙara tsawo.

Yanzu ni nake ɗauko ruwa da kaina daga bayan gari, in cika ta da ruwa mai kyau, in sha da gaske. Ba mai buɗewa. Mutane suna ratsewa ta ɗaya gefen hanya.

Shekaranjiya bayan la'asar, ina shara, na ga mutum tsaye gindin aduwa. Baba Ila ne. Ban taɓa ganinsa ba kura ba, hannayensa suna reto kamar bai san inda zai aje su ba. Ya buɗe randa, ya ɗebi moɗa, ya tsuguna, ya shanye. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wanga na famfo ne."

Na ce, "Baba, sannu da zuwa. Shigo daga ciki."

"A'a, nan ma ya isa." Ya maida murfi a hankali. "Ɗiyata, ni ban yi lakwal ba. Amma ruwa na san nauyinshi, bayana ya san shi. Bido guda nike kawo miki ran Lahadi, guda ran Laraba. Randar ga, ranar kasuwa kaɗai biyu take ci. Tun watan jiya nike wanga tunani ina tura kura."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Baba..."

Ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ki ba. Kuma ba ni tambaya. Ranar da na shigo garin ga ina saurayi, ban san kowa ba, ba ni da ko takalmi, nan na fara shan ruwa. Kakarki ta leƙo ta ce, yaro, in ka sha ka shigo ka ci tuwo. Bakin da ya sha ruwan gida ba shi tona gidan. Ran Alhamis in sun ba ni Alƙur'ani zan dafa, ban taɓa ɗebo ruwan tabki ba, Allah shaida. Amma ko na dafa, ba wadda za ta ƙara sayen ruwana sai an san inda cutar ta hito. In ba a sani ba, sai in koma ƙauye in zauna ma ɗiyan ƙanena a zaure."

Na tambaye shi yarinyar. Ya ce daga asibitin yake, ya je ya duba ta, shi da ake zargi. Ya ce tana nan, ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Ya ce uwar ba ta magana. Sannan ya ce mini, "Allah shi yi miki albarka," ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Jiya kuma Gwaggo ta kira. Na ɗauka faɗa za ta yi, ta ce ai ta gaya mini. Ina! Murya a sanyaye ta ce, "Na ji abin da tsohon banzan ga ya jawo miki. Kada ki damu, ran Laraba ina nan tahe, zan tsaya bayanki. Na gaya ma mai unguwa a yi zaman a ƙofarmu. Ke dai ki kama bakin randa, ki sha moɗa guda gaban mutane, ki faɗi abin da ake faɗi. Tun Mai Randa jininmu bai taɓa ƙarya a kan ruwa ba, duk garin ya san haka. Kina faɗi magana ta ƙare." Har ta ƙara da cewa, "Kin riƙe gidan, ƴar nan. Na yi zaton ba ki iyawa."

Maganar da na yi wata bakwai ina jira ke nan. Don ita na kwance ƙwayayen wuta, don ita na tsinci kashin shanu, don ita na tsaya cikin baho. Ta zo, kuma ji na yi kamar an zuba mini yashi a baki.

To ga inda nake. In na sha na faɗi kalmomin nan ran Alhamis, kowa zai yarda da ni, Baba Ila zai dafa Alƙur'ani a banza, ya bar garin da ya shayar shekara talatin da sunan mai sayar da ruwan tabki, kuma ba zai buɗe baki ba, na san ba zai buɗe ba. In na faɗi gaskiya, zan faɗe ta ne gaban mijin Hajjo da danginsa, alhali ƴarsu tana kwance ba a san inda za ta faɗa ba. Zan faɗe ta gaban Gwaggo. Sunan da mata biyar suka riƙe tun daga Mai Randa, ni zan fasa shi a yini ɗaya, kuma ba wanda zai ƙara ɗaga murfin nan har abada. Na yi tunanin in je wurin mai unguwa a ɓoye, amma wanke Baba Ila a ɓoye ba wankewa ba ne, tunda a fili aka ɓata shi. Na yi tunanin in fara zuwa wurin Hajjo ita kaɗai. Da wane ido? Bafulatana ta ba kakar kakata gorarta ta ƙarshe, ta fara kurɓa don ta kwantar mata da hankali. Ni na tsaya taku uku ina kallon ƴar Bafulatana tana shan ruwan wankana.

Kada wanda ya ce mini in yi ta istigfari in yi shiru, na gwada, ba ya kwance sarƙar da ke kurar tsohon nan.

Yau da safe na cika randa har baki. Ba wanda ya sha, na zauna a zaure na gani da idona. Da la'asar na ɗaga murfi, ruwan ya koma rabi, ƙasan gindinta ya jiƙe sharkaf, tsagar ta kusa kaiwa inda tsingaron yake. Gwaggo tana isowa gobe. Jibi Alhamis.

Jama'a, don girman Allah, ni yanzu me zan yi?